Yadda Munka Bi Har Jarida Ta Buga Martaninmu Lokacin Zaɓen 2023

Jama'a sallama. Tun bayan zaɓen 2023 mutane ke tambayata wai yaya munka yi har wata jarida ta yarda ta buga martaninmu kan labarin da ta yi wa kawuna, shi ya sa na ga gara in rubuta abin daki-daki yadda ya faru, don duk wanda irin haka ta faɗa ma ya san inda zai dosa tun farko, saboda mu mun sha yawo cikin garin Sakkwato kowa na nuna mana wani ofishi daban, alhali lokacin zaɓe kwana guda ma ba ƙaramin abu ba ne. Ba zan faɗi sunan jaridar ba, ba kuma zan faɗi jam'iyya ba, domin abin da anka yi mana ana yi wa ɗaya ɓangaren a wasu jaridun, wannan da idona na gani. Kawun nawa tsohon hedimasta ne, ya fito takarar majalisar dokokin jiha a ɗaya daga cikin mazaɓu 30 da muke da su, ni ne mai riƙe masa takardu da babbar wayarsa tun daga zaɓen fidda gwani.

Bayan an gama zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu kowa ya mayar da hankali ga na gwamna da 'yan majalisar jiha, wanda a lokacin an sa shi 11 ga Maris. Cikin wannan tsakanin ne wata jaridar Turanci ta ƙasa ta buga labari cewa magoya bayan kawu sun far ma ayarin abokin takararsa a wani gari, sun ƙona mota sun jikkata mutane. Mota kam ta ƙone, wannan gaskiya ne, amma a ranan mu muna wani ƙauye can ɗaya gefen mazaɓar muna taro tun hantsi har la'asar, rikicin kuma na samarin tasha ne kan lodi, kowa a garin ya san haka. Mutum ɗaya kawai anka ji ta bakinsa cikin labarin, kakakin abokin takararmu, sai a layin ƙarshe anka ce wai an yi ƙoƙarin jin ta bakin kawu abin ya ci tura. Wayar tana aljihuna, babu kira babu saƙo. Kuma abin da mutanen waje ba su ganewa shi ne, a nan Sakkwato ba jaridar ce ke isa ƙauye ba, rediyo ne. Da safe mai shirin sharhin jaridu zai ɗauko kanun labarin ya fassara da Hausa, to daga nan ya zama "an faɗa a rediyo", kafin azahar hoton shafin ya cika gurup-gurup na WhatsApp. Ranan sai da wata gwaggonmu ta kira tana kuka tana tambaya wai da gaske ne Malam ya koma tara 'yan banga da tsufansa.

Abu na farko da na yi shi ne neman jaridar kanta ta takarda. Kwafin da ke isowa Sakkwato ba su da yawa kuma sai rana ta ɗaga suke zuwa, don haka na hau kabu-kabu na bi masu sayarwa har na samu wajen wani da ke kai wa ma'aikatu, na saya na yi hoto-kwafi da yawa na shafin, ta yadda kwanan wata da lambar shafi da sunan wakilin da ya rubuta za su fito sarai. Sannan na shiga shafinsu na intanet na ɗauki hoton labarin tun daga kanu har ƙarshe na adana adireshinsa. Wannan ya yi mana amfani ƙwarai daga baya, domin labarin intanet ana iya taɓa shi cikin dare ba wanda ya sani, in ba ka da na farkon sai a ce kai ne ba ka karanta da kyau ba.

Daga nan sai neman wakilin. Mafi yawan wakilan jaridun ƙasa ba su da wani ofishi mai allo a ƙofa, a cibiyar 'yan jarida ake samunsu ko a wajen taro. Na je cibiyar da safe anka ce ya bi ayarin kamfe, na zauna kan benci ina jira cikin zafin nan na farkon bazara, raina a ɓace, ina ta shirya maganganun da zan gasa masa. Sai wajen la'asar ya shigo. Munka gaisa na nuna masa jaridar na ce Malam wannan aikinka ne? Bai yi gardama ba, ya ce in zauna, ya buɗe wayarsa ya nuna min abin da ya aika hedikwata. A nasa rubutun akwai "ana zargin", a wanda anka buga babu, kanun ma gaba ɗaya ba nasa ba ne. Ya ce min, "Ɗan'uwa, ni labari nike aikawa, masu tacewa suna can, su ke sa kanu su ke zaɓen shahi, ni kaina sai da sahe nike ganin abin da sunka yi da shi." Na ce to maganar an nemi kawu fa? Ya ce lamba anka ba shi ya kira ba ta shiga ba. Da ya nuna min lambar sai na ga tsohon layi ne da kawu ya daina amfani da shi da daɗewa, wanda ya ba shi lambar kuma shi ne wanda ya kawo masa sanarwar. Wato labarin gaba ɗaya daga takardar da ofishin abokin takararmu ya raba ne, ba wanda ya taka ƙafa ya je garin. Ban yafe masa wannan ba har yau, domin neman lambar ɗan takara a Sakkwato ba aikin minti biyar ba ne ga ɗan jarida, amma na gane cewa in na tsaya faɗa da shi ba abin da zai canza, ba shi da iko kan shafi. Ya ba ni imel ɗin edita da lambar editan labarai, ya ce in rubuta, kar in tsaya ga waya.

Ina fitowa wani da ke yawan zama wurin, shi ba ɗan jarida ba ne irin masu shiga tsakani ne, ya ja ni gefe ya ce wai wahalar da kaina nake, in kawo na goro a sa cikin ambulan gobe a buga mana labari mai daɗi. Na kai wa kawu maganar da dare, ya yi shiru sannan ya ce, "Ɗana, in munka biya anka wanke mu, to mun yarda ke nan da wanda yab biya anka ɓata mu. A tahi a bi hanya." Ni dai a raina na so a gama da wuri, amma maganarsa ce munka bi.

Washegari na koma cibiyar na nemi ganin shugabannin ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ reshen jiha, don mutane da yawa sun ce min can ake kai ƙarar ɗan jarida. Wanda na samu ya karɓe ni da mutunci ya karanta labarin, ya ce in rubuto koke za su iya kiran wakilin su zauna da shi tunda ɗan ƙungiyarsu ne, amma in sani ƙungiya ta ma'aikata ce, ba ta da sandar da za ta tilasta wa kamfanin jarida da ke wani gari ya buga gyara. Abin da na ƙaru da shi a wurinsa shi ne kundin ƙa'idojin aikin jarida na Najeriya, wanda anka amince da shi a Ilorin a 1998. A ciki an faɗa ƙarara cewa in an buga abin da ba daidai ba a gyara cikin gaggawa, kuma ba mutum damar mayar da martani ginshiƙi ne na aikin, haka kuma an hana ɗan jarida nema ko karɓar wani abu don ya buga labari ko ya danne shi. Ya ce in ambaci wannan cikin wasiƙata, edita in ya ga ka san da kundin yana canza murya. Akwai wani dattijo tsohon ɗan jarida da ke zaune muna maganar, shi ne ya ce min kar in ɗauka yau anka fara, jaridun ƙasar nan da yawa 'yan siyasa ne sunka kafa su tun asali, West African Pilot ta Azikiwe ce tun 1937, Tribune ta Awolowo ce tun 1949, Concord ta Abiola ce a 1980 lokacin yana jam'iyyar NPN. Ya ce kafin ka karanta jarida lokacin zaɓe ka fara tambayar wa ke da ita, sannan wa ke cika mata shafukan talla, tunda kuɗin sayar da kwafi ba ya riƙe jarida yanzu, kuma wasu gidajen sai su yi watanni ba su biya wakilansu ba.

Mutanen jam'iyya kuma sunka matsa wai a kai ƙara INEC, wasu sunka ce NBC, hukumar kula da kafafen watsa labarai. Na je duka biyun don a fita haƙƙi, kuma ina faɗa don wani kar ya ɓata kuɗin motarsa. A ofishin hukumar zaɓe anka yi min bayani cewa sashe na 95 na dokar zaɓe ta 2022, wadda ake aiki da ita a lokacin, ya hana a yi amfani da kafafen gwamnati don fifita wata jam'iyya ko danne ta, ya kuma ce jaridar gwamnati ta ba jam'iyyu fili daidai wa daida, amma labarin da jarida mai zaman kanta ta buga kan ɗan takara ba su ne ke hukunci kansa ba. Sun dai ja hankalina kan wani abu mai muhimmanci, wato sashe na 96, da ya hana buga ko watsa abin da ke tallata ɗan takara ko sukarsa cikin awa 24 kafin ranar zaɓe, ma'ana in martaninmu bai fito ba kafin lokacin to ƙofa ta rufe. NBC kuwa rediyo da talabijin ne hurumin su, jarida ta takarda ba ta ƙarƙashinsu ko kaɗan. Sai dai sun ce tunda gidan rediyo ya karanta kanun, muna da damar mu nemi gidan ya ba mu fili mu ma, in ya ƙi sannan mu dawo wurinsu da koke a rubuce.

Sai munka koma tara hujja, kuma nan ne na ga amfanin ajiye takarda. Duk taron da za mu yi muna rubuta wa DPO na yankin wasiƙar sanarwa don a ba da tsaro, kuma kullum ina tsayawa a buga min hatimin an karɓa a kan kwafina. Wannan takardar mai hatimi da kwanan wata, wadda ta nuna garin da muke a ranan, ita ce ta fi komai ƙarfi. Na haɗa da hotuna da bidiyon taron waɗanda kwanan wata ke jikinsu a waya. Munka je wajen uban ƙasar yankin da motar ta ƙone, kawu da kansa ya je, munka zube munka yi gaisuwa, kawu ya ce ranka shi daɗe ga abin da ke tafe da mu. Uban ƙasar ya ce shi uban kowa ne ba zai sa hannu a takardar da za ta shiga rigimar jam'iyyu ba, kuma na fahimce shi, amma ya yarda in ɗan jarida ya kira shi zai faɗi abin da ya sani kan rikicin tashar. A ofishin 'yan sanda kuma anka ce sai mun rubuta buƙata kafin a ba mu wani abu daga littafin rahoto, kuma magana da jarida ta kakakin rundunar jiha ce ba ta DPO ba. Don haka cikin wasiƙarmu sai munka ce jaridar ta tuntuɓi kakakin da kanta.

Wajen lauya kawu ya so a shigar da ƙarar ɓata suna kai tsaye. Barista ya ce masa, Baba ana iya yi, amma shari'ar ɓata suna a babbar kotu shekaru take ɗauka, ku kuma kwanaki gare ku, kuma da zarar takardar sammaci ta isa wurinsu edita zai miƙa komai ga lauyoyinsu ya ce magana na kotu, ba za su ƙara buga ko harafi ba. Ya kuma faɗa mana akwai Majalisar Kula da Aikin Jarida ta Najeriya a Abuja, wadda anka kafa da dokar soja ta 1992, tana karɓar koke a rubuce, sai dai ko ina ka je tambayar farko ita ce ka rubuta wa editan? Me ya ce? Shawararsa ita ce a aika abu biyu tare, martanin da muke so a buga da sa hannun kawu, da gajeriyar wasiƙa a kan takardar ofishin lauya mai neman a gyara, ba tare da barazana mai yawa ba. Naira dubu 30 ya karɓa kuɗin wasiƙar. Biyan ma sai da ya zama aiki, don lokacin ne ake tsakiyar wahalar canjin kuɗi, ba tsabar kuɗi a hannun kowa, tiransifa ta fita daga asusunka ba ta isa ba, masu POS kuma suna cajin abin da sunka ga dama. Hatta kuɗin hoto-kwafi da na agwagwa da buje, wato Keke Napep, sai ka yi ta roƙon a karɓi tiransifa.

Martanin da Turanci munka rubuta tunda jaridar ta Turanci ce, kuma rubutun farko da mutanen kamfe sunka kawo shafi uku ne cike da zagin abokin takara da kirarin kawu. Barista ya soke kusan duka. Ya ce edita neman dalilin ƙin bugawa yake, in ka zagi wani ka ba shi dalili, in ka yi tsawo ka ba shi almakashi. Abin da ya rage bai cika shafi ɗaya ba. Munka fara da kanun labarin da ranar da anka buga shi da lambar shafi, sannan abin da labarin ya ce wanda ba haka ba ne, sannan inda muke a ranan da hujjar da ke haɗe, sannan cewa ba a tuntuɓe mu ba ga kuma lambar da ake samunmu, sai buƙatarmu a fili, a buga martanin a wuri mai daraja irin na labarin farko kuma a gyara na intanet. Munka aika ta imel ga edita da editan labarai munka sa wakilin a kwafi, munka kuma aika na takarda ta kamfanin kai saƙo zuwa hedikwatarsu, na adana rasit da lambar bibiya. Wakilin ma na kai masa kwafi hannu da hannu ya sa min hannu a nawa.

Daga nan sai jira, kuma wannan shi ne mafi ɗaci. Kullum da safe in nemi jaridar in buɗe shafi-shafi babu komai. In kira editan labarai, wani lokaci ya ɗauka ya ce an gani ana dubawa, wani lokaci ta yi ta ƙara. Ana cikin haka sai ga kira daga sashen tallansu, wata mata da ladabinta ta ce ta ji muna da saƙo, in muna so ya fito gobe-goben nan ba a cire ko kalma ba to mu saye shafi. Kuɗin cikakken shafi da ta faɗa ya haura naira dubu 500, rabi ma ba na wasa ba ne, kuma ta ce in abin ya zama tallan siyasa akwai tantancewar hukumar talla ta ARCON. Wallahi ranan na ji abin har ƙashina. An buga ƙarya a kanka kyauta a shafin gaba-gaba, kai kuma gaskiyarka sai ka saya, kuma ko ka saya za a rubuta "talla" a samansa kowa ya san kai ka biya. Munka ce mata mun gode, haƙƙin martani muke nema ba talla ba, na kuma sake tura wa edita imel na ambaci wannan kiran.

Wannan jiran ne ya sa na zama mai karanta jaridu huɗu biyar kullum ina jera su, kuma a nan na gane son kai a jarida ba kasafai yake zuwa da ƙarya tsagwaronta ba. Taro guda za a yi, wata ta ce dubban jama'a sun yi dafifi, wata ta ce an yi hayar mutane. In ɗan ɓangaren da suke so ya yi magana sai a ce "ya bayyana", in na ɗaya ɓangaren ne sai a ce "ya yi iƙirari". Mutum goma su sauya sheƙa zuwa inda jaridar ke so ya hau shafin farko, in daga can sunka fita ko a ƙasan shafi ba za ka gani ba. Hoton wannan yana murmushi cikin jama'a, na wancan an kama shi baki buɗe. Kuma jaridun da ke yi da jam'iyyarmu haka suke yi wa abokan hamayya, ba bambanci ko na anini. Har wasu samarin kamfe ɗinmu sunka zo da shirin a kai wa wata jarida da ke tare da mu labarin cewa abokin takarar ya karkatar da taki, na tambaye su hujja sunka ce ai haka ake cewa. Kawu ya hana, ya ce wanda ya kai wannan labarin ya bar masa kamfe. Mutanen Sakkwato mun san abin da ƙuri'a kaɗan ke yi, a 2019 da ƙuri'a 342 kacal Tambuwal ya riƙe kujerar gwamna bayan zaɓen cike giɓi, to a jihar da ake irin wannan ratar kanun labari ɗaya da anka karkata ba wasa ba ne.

Abin da ya taimake mu shi ne ɗage zaɓen da INEC ta yi daga 11 zuwa 18 ga Maris saboda sake saita na'urar BVAS ta tantance masu zaɓe. Da ba a ɗage ba da martaninmu bai riski zaɓe ba. Cikin wannan makon Barista ya sake aika tunatarwa, mutumin NUJ ma ya kira wani da ya sani a hedikwatar jaridar, kuma ina ganin wannan kiran ya yi aiki fiye da takardunmu. Sai ga shi ya fito, can ciki a shafin wasiƙun masu karatu, an yanke kusan rabi, an cire maganar cewa ba a tuntuɓe mu ba, kanun kuma ya ce wai ɗan takara ya musanta zargi, ba su ce sun yi kuskure ba. Na yi murna na kuma yi baƙin ciki lokaci guda. Amma tunda ya fito da sunan jaridar, sai na saye kwafi na wuce gidan rediyon da ya karanta na farkon, na nemi shugaban sashen shirye-shirye na ba shi wasiƙa da kwafin duka biyun. Bai ja ba, ya ce tunda jarida ce ta buga za su karanta, washegari da safe anka karanta da Hausa. Wannan karatun na rediyo shi ne ya isa ƙauyukanmu, shi mutane sunka riƙa kira suna cewa sun ji, munka naɗi muryar munka watsa a WhatsApp kafin awa 24 ɗin nan ta shiga.

Kawu bai ci zaɓen ba, kuma ba zan ɗora wa jarida faɗuwarsa ba, abubuwa da yawa ne sunka haɗu. Amma ban bar maganar ba, saboda labarin farko na nan a intanet yadda yake, duk wanda ya rubuta sunan kawu shi zai fara gani, martanin kuma ba a ma sa shi a can ba. Cikin azumi na ci gaba da rubuta musu. A watan Afrilu na 2023 ƙungiyoyin masu jaridu da editoci da 'yan jarida sunka ƙaddamar da hukumar karɓar koke kan kafafen labarai ta ƙasa, ƙarƙashin shugabancin Emeka Izeze, sai na ambata cikin imel ɗina cewa in ba a gyara ba can za mu kai, na haɗa duka takardun tun daga na farko da rasit ɗin kai saƙo. Bayan ƙaramar Sallah sunka mayar da "ana zargin" cikin kanun na intanet, sunka ƙara sakin layi biyu na bayaninmu a ƙasa. Ba su ba da haƙuri ba, mu ma daga nan munka tsaya don kawu ya ce ya isa.

To ga wanda abin ya sama, ranar da labarin ya fito ranan za ka rubuta wa edita, kar ka jira sai ka gama zagaya ofisoshi, hujjar da ba ta kammala ba ka ce tana tafe. Wakili ka gan shi don ka san daga ina labarin ya fito ka kuma karɓi lambobi, amma ba shi ne mai gyara ba, in ka ci masa mutunci ka rasa mutum ɗaya da zai iya yi maka magana a ciki. Komai a rubuce, komai da kwafi mai hatimi ko rasit. In kana harkar kamfe, tun kafin a fara ka bi wakilan jaridu ɗaya bayan ɗaya ka ba su lambar da ake samun ɗan takararka dare da rana, ka tura ta saƙo don ya zama akwai shaida, wannan kaɗai yana kashe layin nan na "mun neme shi ba mu same shi ba". Ka ware ɗan kuɗi don lauya da kai saƙo da zirga-zirga, namu duka bai kai dubu 60 ba, nesa da kuɗin sayen shafi. Kar ka manta da gidan rediyon da ya karanta kanun, a wajenmu shi ne ya fi jaridar kanta isa ga masu jefa ƙuri'a. Kuma tun a wasiƙar farko ka raba buƙatarka gida biyu a fili, ta takarda daban ta intanet daban, ka nemi a liƙa martaninka a jikin ainihin labarin da ke shafinsu, domin sashen intanet editansa daban ne, in ka aika wa na takarda kawai shi ba zai ma san ka rubuto ba.